Yadda Ake Ciyar da Gida da Kayan Ajiya Idan Kasuwa, Famfo da Wuta Suka Tsaya

Damagaram ta san ƙishirwa tun zamanin kakanni, kuma ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da ake ambata na ɗauke babban birnin ƙasar Nijar daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Yamai a 1926. Duk wanda ya yi bazara ɗaya a Birni ko Garin Malam ko Kara-Kara ya ga jerin jarkoki a bakin famfo tun kafin kiran assalatu. A shekarun nan kuma mun ga wasu matsalolin sun ƙaru a kan wannan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta rufe iyakoki, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take turowa, kayan masarufi suka yi tsada, ba a ɗage takunkumin ba sai a Fabrairun 2024. A daminar 2024 ruwan sama ya rusa gidajen ƙasa masu yawa, har tsohon masallacin Birni ya faɗi a farkon Satumba. A irin waɗannan ranaku, gidan da ke da hatsi ma yana iya kwana da yunwa, domin abin da ke fara ƙarewa shi ne ruwa mai tsabta da abin hura wuta. Saboda haka duk girkin da za a bayyana a nan an auna shi da tambaya biyu: ruwa nawa zai ci, itace ko gas nawa zai ƙona.

Mataki na farko: a yi lissafin bakunan gida

Hukumomin agaji suna ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana buƙatar abinci mai ƙarfin kalori 2,100 a rana, kuma rabon da suke bayarwa yakan kama wajen giram 400 zuwa 450 na hatsi, giram 50 zuwa 60 na wake, giram 25 zuwa 30 na mai, da giram 5 na gishiri. Idan aka mayar da wannan zuwa awon kasuwarmu lissafin ya yi sauƙi, domin tiya ɗaya ta gero tana kai wajen kilo biyu da rabi, wato abincin mutum shida na yini guda, buhu mai kilo 100 kuma yana ɗaukar tiya 40 ko kusa da haka. Gidan mutum shida da ke son ya riƙe kansa mako biyu ba tare da zuwa Kasuwar Dole ba yana buƙatar tiya 14 na hatsi, tiya 2 na wake, lita biyu da rabi na man gyaɗa da rabin kilo na gishiri. Ba lallai ne tiya 14 ɗin su zama gero zalla ba, gara ma a raba su tsakanin gero, dawa, shinkafa, taliya da garin rogo, saboda kowanne yana da ranar da ya fi ɗan'uwansa amfani.

Ruwa kuwa, ma'aunin da masu agaji suke bi shi ne lita 15 ga mutum ɗaya a rana domin sha da girki da tsabta, kuma idan abu ya tsananta ana iya rayuwa da rabin haka na ɗan lokaci. Bido ɗaya, wato jarka, mai lita 25 ba zai wuce yini guda ba a gidan mutum shida, ko da sha da girki kaɗai aka yi da shi. Wanda ya san wannan zai fahimci abin da ya sa nake fifita duro biyu cike da ruwa a kan ƙarin buhun shinkafa.

Mataki na biyu: a zaɓi abin da ke jure ajiya, a kuma adana shi yadda ya dace

Ba sai an nemi abincin gwangwani mai tsada ba, domin kusan duk abin da ake buƙata busasshe ne, kuma kaka ce lokacin sayensa, sa'ad da sabon hatsi ya shigo farashi ya faɗi. Bayan hatsi da wake, a tanadi kayan miya: garin kuka, busasshiyar kuɓewa, karkashi, kauɗar tumatir, busasshen tattasai, tonka, gabu, daddawa, kanwa, citta da kanumfari. A haɗa da busasshen zogale ko tafasa, da tsamiya, zoɓo da garin ƴaƴan kuka. Abin da zai tsaya a madadin nama shi ne ƙuliƙuli, bandar kifi, soyayyiyar fara, kilishi da cuku, sai sardin na gwangwani kaɗan ga mai hali. Dabino, sukari da madarar gari su ne na yara da marasa lafiya. Ashana kuma a naɗe ta cikin leda a ajiye a wuri biyu daban-daban.

Gero da dawa a bar su tsaba, kada a niƙa da yawa, domin garin gero yana da maiƙo, kuma cikin kwanaki kaɗan a zafin Damagaram yakan canza wari ya yi ɗaci. Wake shi ne mai wahalar ajiya saboda ƙwari. A shanya shi ya bushe sarai, har idan aka ciza ƙwaya ta fashe da ƙara, sannan a zuba shi a buhun PICS mai ninki uku a ɗaure kowane ninki daban, ko a cika busasshen bido da shi har wuya a toshe murfin da leda. Hikimar ita ce ƙwaron yana shanye ƴar iskar da ta rage a ciki ya mutu, don haka duk buɗewa tana mayar da aiki baya, kuma ya fi kyau a raba waken cikin ƙananan mazubai da za a riƙa buɗewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙwayar maganin ƙwari da wasu ke jefawa cikin buhu tana fitar da iska mai guba, ba ta dace da ɗakin da mutane ke kwana ba. Gyaɗa da masara kuma, duk wadda ta yi fumfuna ko ta canza launi a zubar da ita, domin gubar da ke cikinta tana lahanta hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta.

A ɗora buhuna a kan katako ko bulo, nesa da bango, kuma a gidan da ruwa ke iya shiga a rataye ƙananan kayan a sama. A rubuta watan saye a jikin kowane mazubi, a riƙa cin tsoho ana maye gurbinsa da sabo.

Mataki na uku: a yi aikin wuta tun ana da wuta

Wannan shi ne matakin da aka fi mantawa da shi, alhali shi ne ke ceton gida a ranar da ba za a iya ɗora tukunya ba. Fatake da masu ayarin gishirin Bilma ba su dogara da murhu a kowane zango ba, guzurinsu gero ne da dabino da cuku waɗanda ake dakawa a dama da ruwa. Irin wannan guzurin ne ya kamata kowane gida ya mallaka.

A ɗauki tiya biyu ta gero a surfa, a bushe dusar, a wanke, a rege tsakuwa, a shanya har ya bushe. A ɗora kasko ko tukunyar ƙarfe a wuta marar ƙarfi, a riƙa zuba geron kaɗan-kaɗan ana juyawa ba tare da mai ba, har ya yi ja-ja ƙamshinsa ya tashi. Idan ya huce a kai inji a niƙa shi tare da citta da kanumfari, a baza garin a faifai ya sha iska, sannan a zuba a mazubi mai murfi. Suyar tana yin aiki biyu: ta dafa geron yadda za a iya cinsa da ruwan sanyi kawai, ta kuma jinkirta ɗacin da ke lalata ɗanyen gari, har ya iya yin makonni. Haka za a soya gyaɗa da wake daban, a ajiye domin kunun yara da za a zo kansa.

A niƙa garin ɗanwake shi ma tun da wuri, domin injin niƙa yana tsayawa idan wuta ko man inji suka yanke, garin wake kuma ya fi na gero jure ajiya. A daka yaji mai yawa da ƙuliƙuli, tonka, citta da gishiri. Sai kuma ƙanzo, wanda yawancin gidajen birni suka daina kulawa da shi. Duk daren da aka yi tuwo a kankare ƙanzon tukunya a shanya shi a rana har ya bushe ƙayau, a tara a buhu. Abinci ne dafaffe da aka riga aka biya kuɗin itacensa, kuma yana yin watanni idan laima ba ta taɓa shi ba.

Mataki na huɗu: ranar da abin ya faru

Kafin a taɓa tukunya a fara da ruwa. Idan famfo yana zubowa, a cika duk abin da ke riƙe ruwa, a ware na sha daban a randa ko bido mai murfi, a kuma hana tsoma hannu ko moɗar kowa a ciki. Ruwan ƴan garuwa, na rijiya ko na tabki, musamman bayan ambaliya da masai suka cika suka tumbatsa, dole ne a gyara shi kafin a sha. Idan ya yi gurɓi a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama ta cikin tsabtataccen ƙyalle mai ninki. Daga nan a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a jefa ƙwayar tsabtace ruwa ta Aquatabs daidai da yawan litar da aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30. Ƙwayar ta fi tafasawa arha nesa ba kusa ba idan itace ya yi wuya, shi ya sa ya kamata ta kasance cikin kayan ajiya tun farko.

Bayan ruwa sai abin da ke saurin lalacewa. Firigon da ba a buɗewa yana riƙe sanyi wajen awa huɗu bayan ɗauke wuta, daga nan sai a ɗauka babu shi. Naman da ke ciki a dafa shi da gishiri har ruwansa ya tsotse, a soya shi ƙayau cikin mai. Tumatir da tattasai a yanka su a shanya idan akwai rana, idan damina ce kuma a yi miyar ranar da su. Doya, dankali da kabewa suna iya jira kwanaki, albasa ta fi su duka haƙuri. Abincin da ruwan ambaliya ya taɓa a zubar da shi, in ban da gwangwanin da bai huje ba, wanda za a wanke bayansa da sabulu kafin a buɗe. Gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa har ciki kuwa ko ɗanɗana shi kada a yi.

Sai a tsara cin abincin bisa makamashin da ke hannu. Muddin akwai gas ko busasshen itace, a ci abin da ke buƙatar dafuwa, wato wake, tuwo da dambu. Garin rogo, soyayyen gero, ƙanzo da dabino a ɓoye su domin ranar da wuta ta gagara. Kuskuren da na fi gani shi ne a bar yara su cinye garin rogo da ƙuliƙuli a kwana biyun farko saboda sauƙinsu, sai ranar da itace ya jiƙe a tarar babu abin da ya rage sai ɗanyen hatsi.

Mataki na biyar: a rage cin wuta

A hura wuta sau ɗaya a yini, ko sau biyu idan akwai ƙananan yara, a kuma jera ayyukan yadda tukunya ɗaya na sauka wata na hawa, garwashin ƙarshe kuma ya ɗumama ruwa. Murhun ƙarfe irin Mai Sauƙi ko na laka mai kewaye tukunya ya fi duwatsu uku tattalin itace, domin iska ba ta kwashe zafin. A rufe tukunya koyaushe, kuma da zarar ta tafasa a janye itace, saboda ruwan da ke tafasa a hankali da mai ɓararraka zafinsu ɗaya ne. Tukunyar gas mai kilo 6 a keɓe ta domin kunun yara da tafasa ruwa. Kada a shigar da gawayi ɗaki a rufe ƙofa ko da ana ruwan sama, domin yana fitar da iska marar wari wadda ke sumar da mutum ta kashe shi cikin barci. A girka a rumfa ko zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa, kuma kada a hura wuta da leda ko roba.

Dabarar da ta fi kowace rage itace ita ce a bar tukunya ta ƙarasa dahuwa da zafin da ta riga ta ɗauka. A sami babban kwando ko kwali, a shimfiɗa tsohon bargo ko buhunan algarara a ciki, a cusa tsummoki, ɓawon gyaɗa ko busasshiyar ciyawa a gefe, a bar gurbin da tukunya za ta zauna daram. Idan abinci ya tafasa na ƴan mintuna, a sauke tukunyar da murfinta ba tare da an buɗe ba, a sa ta a gurbin, a lulluɓe ta sama da ƙasa. Tukunya mai nauyi wadda ta kusa cika ta fi riƙe zafi. Sharaɗi ɗaya ne: idan aka buɗe aka tarar abincin ya koma ɗumi-ɗumi, babu tururi mai ƙona hannu, a mayar da shi wuta ya sake tafasa kafin a ci.

Mataki na shida: girke-girken kansu

Shinkafa da wake ita ce ta fi dacewa da wannan kwando. A wanke gwangwani ɗaya na wake da dare, a jiƙa shi cikin ruwa mai tsabta ya kwana. Da safe a ɗora shi da ruwan jiƙon idan ruwa ya yi ƙaranci, a jefa kanwa ƴar mitsitsiya, a bar shi ya tafasa minti 15. A zuba gwangwani uku na shinkafa da gishiri, a daidaita ruwan ya zama kusan ninki biyu na shinkafar, a bar ta ta tafasa minti biyar, sannan a kai kwando na awa ɗaya. Za a tarar ta nuna ba tare da ta kama ba, kuma babu ruwan da aka tsiyaye aka zubar. A ci da mai da yaji da ɗanyar albasa. Game da kanwa, tana sa wake ya yi saurin nuna, amma yawanta yana lalata wasu sinadaran abincin, kuma ba ta da kyau ga mai hawan jini da mai jego, don haka jiƙon dare ya fi ta.

Tuwo da miyar kuka su ne abincin da ke kwantar da hankalin gida, domin yaron da ya ga malmala a kwano ba ya jin cewa wani abu ya canza. Ga mutum shida, rabin tiya na gari da ruwa wajen lita huɗu sun isa. Idan inji ba ya aiki sai a koma ga turmi da taɓarya, a daka daidai na ranar. A tafasa ruwan, a dama kashi ɗaya cikin uku na garin da ruwan sanyi a zuba ana motsawa da muciya, a rufe talgen ya dahu minti goma. A ɗebi kaɗan daga talgen a ajiye a gefe, a riƙa barbaɗa sauran garin ana tuƙawa har ya yi tauri babu gudaji, idan ya yi ƙarfi da yawa a sassauta shi da talgen da aka ɗebe. A rufe ya sulala a kan garwashi, sannan a kwashe da mara. Miyar kuwa ba ta buƙatar komai ɗanye. A daka daddawa, kauɗa, tattasai, gabu da tonka wuri ɗaya, a zuba cikin lita ɗaya da rabi na ruwa tare da gishiri, cokali biyu na mai da bandar kifin da aka gyara aka marmasa. Idan ya tafasa minti goma ƙamshin daddawa ya fito, a rage wuta, a riƙa barbaɗa kuka ana kaɗawa da maburgi har ta yi kauri, a ba ta minti uku a sauke. Busasshiyar kuɓewa da karkashi haka ake yi da su, kuma sauya su daga dare zuwa dare yana hana gundura. Idan babu kifi, dakakkiyar fara ko garin wake cokali uku suna ba miyar jiki.

Ɗanwake hanya ce ta cin wake da wutar minti goma sha biyar. A haɗa awo biyu na garin wake da awo ɗaya na garin alabo ko na dawa, a sa kuka cokali biyu, a kwaɓa da ruwan kanwa kaɗan har ya yi danƙo. A riƙa jefa shi ƙanana cikin tafasasshen ruwa, idan ya taso sama a ba shi wajen minti goma, a tsame a sa mai da yaji. Aibinsa ɗaya, yana son ruwa mai yawa, saboda haka girkin ranar da itace ya yi ƙaranci ne amma duro yana cike.

Dambu akasin haka yake, ruwansa kaɗan ne, wutarsa ce mai tsawo. A yayyafa wa tsakin gero ko na masara ruwa, a zuba a madambaci, a liƙe bakin tukunya da tsumma ko ƙullu, a turara shi minti ashirin. A sauke a haɗa da busasshen zogalen da aka jiƙa ya yi laushi, da albasa, gishiri da dakakken ƙuliƙuli, a mayar a sake turarawa har zogalen ya nuna, sannan a zuba mai. Domin kada wutar ta tafi a aiki ɗaya, a sa wake ya riƙa dahuwa a tukunyar ƙasa, tururinsa na dafa dambun.

Taliya da makaroni a yi musu dafa-duka. A soya gabu da kauɗa ko tumatirin gwangwani cikin mai, a zuba ruwan da zai ɗan rufe taliyar kawai, a sa ta a rufe, a riƙa juyawa har ruwan ya tsotse, a juye sardin da mansa a kai. Kuskus na leda ya fi su duka sauƙi, domin awo ɗaya na tafasasshen ruwa ake zuba wa awo ɗaya nasa, a rufe minti biyar.

Kunun tsamiya shi ne na safe. A jiƙa tsamiya tun dare, a dama gari da ruwanta, a sheƙa tafasasshen ruwa a kai ana juyawa, idan bai yi kauri ba a mayar wuta kaɗan. Tsamiya da garin ƴaƴan kuka da zoɓo suna da muhimmanci a kwanakin da babu ɗanyen ganye ko lemo, musamman ƴaƴan kuka masu yawan bitamin C, waɗanda ake damawa da ruwan sanyi da sukari kaɗan.

Mataki na bakwai: ranar da babu wuta sam

A nan ne aikin mataki na uku yake biya. Soyayyen garin gero a dama shi da ruwan da aka tsabtace, a sa sukari da madarar gari ko dakakken dabino da cuku, mai kauri ga manya, mai ruwa-ruwa ga tsofaffi. Garin rogo a yayyafa masa ruwa ya kumbura, a haɗa da dakakken ƙuliƙuli, mai, albasa, tonka da gishiri, a ƙara sardin ko fara idan akwai. Ƙanzo a jiƙa shi awa ɗaya ko biyu har ya yi laushi, a tsane ruwan, a kwaɗanta shi da ƙuliƙuli da mai kamar yadda ake kwaɗon zogale. Garin rogo shi kaɗai yana cika ciki ne kawai, kusan babu abin gina jiki a cikinsa, don haka kada a ba yara shi ba tare da ƙuliƙuli ko kifi ba. Tun da babu tafasawa a duk waɗannan, lafiyarsu tana rataye ne a kan tsabtar ruwan da ta hannun mai haɗawa, kuma a haɗa daidai abin da za a cinye nan take. Kilishi da fara suna jawo ƙishirwa, a rage su idan ruwan sha ya yi ƙasa.

Ya dace kuma a haɗa irin waɗannan kayan cikin jaka ɗaya a rataye kusa da ƙofa a tsakiyar damina, tare da kofi, cokali, ashana da ƙwayar tsabtace ruwa, domin iyalin da gininsu ya fara tsagewa da tsakar dare ba su da lokacin buɗe buhu.

Mataki na takwas: ƙananan yara, marasa lafiya da ragowar abinci

Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa kaɗai ya ishe shi, ko ruwa ba ya buƙata, kuma a lokacin da ruwa ya gurɓace wannan ne kariyarsa mafi girma. Abin da ya kamata shi ne a ƙara wa uwar abinci da abin sha. Yaron da ya wuce wata shida a ci gaba da ba shi nono, a ƙara masa kunu daga awo uku na soyayyen gero, awo ɗaya na soyayyen wake da awo ɗaya na gyaɗa, a niƙa tare, a dafa shi ya tafasa, a sa ƙaramin cokali na mai. Kaurinsa ya kai yadda ba zai zube daga cokali da sauri ba, domin kunu tsararo ruwa ne yake cika ɗan cikin yaron. A ba shi sau uku ko huɗu a yini, a kwanonsa shi kaɗai, kuma kada a sa zuma ga wanda bai shekara ba.

Idan zawo ya kama wani, a haɗa lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da ƙananan cokula shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin kada a yi tozo, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, a kuma nemi likita da gaggawa idan yaro ne, ko zawon ya zama kamar ruwan shinkafa. Mai ciwon sukari kada a bar shi a kan garin rogo da dabino, a fifita shi da wake da dambun zogale.

Dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye ba tare da zafi ba, shinkafa kuma ta fi kowanne saurin zama haɗari, don haka a dafa ta daidai ciki. Idan duk da haka tuwo ya kwana, a yanka shi ƙanana a yi ɗumame, miyar ta tafasa sosai, tuwon ya yi zafi har tsakiyarsa. Wanda ya rage bayan haka a fasa shi a shanya tare da ƙanzo. Wajen wanke-wanke, a fara goge kwanuka da toka ko yashi mai tsabta, a wanke cikin roba ɗaya mai sabulu, a ɗauraye a ta biyu, a kife su a rana su bushe. Ruwan ɗaurayar yau shi ne zai zama na sabulun gobe, na sabulun kuma a kai shi bayan gida.